Na kai basun ɗin Baba gyara Sabon Gari, ga abin da na gani a shagon

Jama'a tun watan jiya nake so in rubuta wannan amma nace bari dai in ɗan yi amfani da kayan tukunna, tunda ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Toh yanzu sati biyar kenan ina busa basun ɗin, wato wani kayan busa na Turawa, kusan kullum bayan la'asar kuma babu abin da ya saki, saboda haka ga bayani, da daɗin da rashin daɗin duka.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana cikin 'yan badujalar 'yan sanda. Mu muna yara abin da muka sani kawai shi ne Baba yana busa, in an ce fareti ya goge takalmi ya ɗau wani baƙin akwati ya fita, in ya dawo ya mayar da shi saman sif kuma babu yaron da ya isa ya taɓa. Da ya yi ritaya akwatin ya zauna a wajen, bayan rasuwarsa Hajiya tace min kai ne mai harkar kiɗa a gidan nan, ɗauki abin nan kar gara ta cinye shi. Ni fiyano nake bugawa a wani situdiyo a titin gidan Zoo, ban taɓa busa komai ba a rayuwata sai sarewar kara muna yara, amma ranar da na buɗe akwatin naji ƙamshin man da yake shafa masa wallahi sai da nayi hawaye, nace in Allah Ya yarda sai abin nan ya sake magana.

Ga wanda bai san shi ba, gutsattsarin katako ne guda huɗu masu jan launi, jikinsu duk maɓallan ƙarfe, sai wani siririn bututun ƙarfe lanƙwasasshe kamar ƙugiya wanda a bakinsa ake soka ɗan karan da ake hurawa, masu abin suna ce masa rid. In ka harhaɗa shi tsayinsa wajen santimita 134 ne, amma ramin da iska take bi a ciki ninke yake biyu, ya gangara ƙasa ya juyo sama, in da za a miƙe shi zai kai mita biyu da rabi, shi yasa muryarsa take da kauri haka. Baba basun yake ce masa, haka muka taso muna ji.

Inda kaina ya fara ɗaurewa shi ne takardun da na samu a aljihun akwatin. Ƙaramin littafin da ya zo da shi daga kamfani an rubuta Fagott a bangonsa. Takardun kiɗan da Baba ya tara kuma, wasu a samansu an sa Bassoon, wasu Fagotto, biyu ko uku Basson da o guda ɗaya, wasu ma Fag. kawai ko Bsn. Ni a zatona kayan busa daban-daban ne yake haɗawa, har nake gaya wa ƙanwata ashe Baba abu huɗu ya iya bamu sani ba.

Rid ɗin da ke ciki duk sun bushe sun tsage, toh akwai ɗan yayata da ke karatu a Faransa, na tura masa saƙo nace ya nemo min rid na basson guda uku ya ba wani mai dawowa. Ya kawo, na jiƙa na soka, yana shiga dai amma sautin ya ƙi zama, wani ya hau wani ya sauka, na ƙasa-ƙasan kuma sam basa fita sai huci. A nan na gane ba aikin da zan iya ni kaɗai bane.

Wani abokin aikina mai busa saksafon ne yace in je Sabon Gari, ta wajen France Road inda masu sayar da sifiku da amfilifaya suke, in shiga lungu in tambayi dattijon da ke gyaran begila. Shagon ko allo babu a ƙofarsa, ɗan ƙarami ne, in mutum uku suka shiga na huɗu sai dai ya tsaya a waje, bango duk an rataye begiloli da kilarinet da wasu kakakin Turawa da suka lotse suna jiran layi. Mai shagon tsohon soja ne, shi ma a badujala ya gama aikinsa, zai haura saba'in, Hausarsa ta Kano ce tsantsa. Na gaishe shi na ɗora akwatin a benci, yana buɗewa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan yace ɗana ina ka samu wannan, rabon da a shigo min da irinsa an fi shekara goma. Na gaya masa na mahaifina ne, ya yi masa addu'a, sannan ya nemi in nuna masa rid ɗin da nake sakawa.

Yana ɗaga shi a hasken ƙofa yace wa ya sayo maka? Nace daga Faransa aka kawo. Yace me ka ce a sayo? Nace basson. Yace toh ai basson ɗin aka baka, amma wannan na gabanka ba basson bane, fagot ne. Nace Baba ba abu ɗaya bane? Yace abu ɗaya ne kuma ba ɗaya bane, zauna.

Wallahi wannan zaman na wajen awa ɗaya shi ne dalilin da yasa nake rubutun nan, don a ranar bai karɓi ko sisi ba kuma ga aiki a gabansa ya ajiye. Ya juya kayan ya nuna min hatimin da ke jikin katakon wanda ni ban ma kula da shi ba, an rubuta Markneukirchen sannan a ƙasa GDR, wato Jamus ta Gabas, kenan an ƙera shi kafin 1990 da Jamus biyun suka haɗe. Markneukirchen ɗin wani ƙaramin gari ne a jihar Saksoni dab da iyakar Cek wanda sana'arsu kenan tun kaka da kakanni, ƙera kayan kiɗa. Yace a duniya ƙira biyu ce ta abin nan. Akwai ta Jamus da ake kira ƙirar Heckel, daga sunan kamfanin da Johann Adam Heckel da Carl Almenräder suka kafa a Biebrich a 1831, ita ce ta mamaye kusan ko'ina yanzu. Akwai kuma ta Faransa, ƙirar Buffet, kamfanin Paris, wadda raminta ya fi siranta, maɓallanta basu kai na Jamus yawa ba, yadda ake ɗora yatsu daban, yadda ake kankare rid ɗinta ma daban. Su Faransawa in suka ce basson kai tsaye nasu suke nufi, in na Jamus suke so sai su ƙara da cewa na Jamus, ko su ari kalmar su ce fagott. Toh ɗan yayata ya shiga shago ya faɗi abin da na gaya masa, aka bashi abin da ya nema, babu laifin kowa a ciki, sunan ne ban sani ba.

Ya sa na riƙe shi ya nuna min bayan, yace ƙirga maɓallan da babban yatsanka na hagu zai kula da su shi kaɗai. Na ƙirga tara. Yace toh wannan alamar Bajamushe ce, wasu ma goma ne.

Daga nan ya jawo wani tsohon katalog da bangonsa ya yage, irin wanda ake rubuta sunan kowane kaya da harsuna da yawa a jere, yace in karanta. Na dawo gida kuma na ƙara bin abin a waya har dare ya raba, saboda abin ya kama ni sosai. Ashe a duk faɗin Turai gidaje biyu ne kawai na sunan, kuma gidan da mu muka sani shi ne ƙaramin. Turawan Ingila suna cewa bassoon, sun aro ne daga basson na Faransanci, shi kuma daga bassone na Italiyanci, basso wato mai ƙasa ko mai kaurin murya, sai ɗafin one da Italiyawa ke liƙawa in suna so su ce abu ƙato ne, kenan ma'anarsa ƙaton mai kaurin murya. Amma su Italiyawan da kalmar ta fito daga wajensu ba haka suke kiransa yau ba, fagotto suke cewa. Jamusawa Fagott, mutanen Sifen fagot, na Fotugal fagote, Holan da Folan da Cek da Romaniya duk fagot, Suwidin da Nowe da Hangari fagott, Finlan fagotti, Rashawa ma fagot ne sai dai da nasu haruffan, har Turkawa fagot. Kalmar a Faransanci tana nufin damin itacen girki, fagotto a Italiyanci kuma ƙunshi ko ƙullin kaya, kuma gaskiya duk wanda ya ga abin a warware cikin akwati zai ce ai dami ne, sak irin wanda ake ɗorowa a kan jaki. Abin da ya ƙara bani mamaki, tun kafin a fara yin shi gutsu-gutsu an riga an kira kakansa da wannan sunan, wani kayan busa na ƙarni na 16 da aka fafe daga gungume guda, Jamusawa suna ce masa Dulzian, Ingilishi curtal, Sifaniyawa bajón, Italiyawa kuma fagotto. Babban wansa mai muryar da ta fi tasa zurfi shi ma haka ya rabu, contrabassoon da contrebasson a gefe guda, Kontrafagott da controfagotto a ɗaya gefen.

Wani abu da dattijon ya gaya min na je na tarar haka ne, su Ingila sunan Faransa suka riƙe amma kayan sun sauya. Da can ƙirar Faransa suke busawa, daga wajen 1930 suka koma ta Jamus. Mu kuma badujalarmu daga hannunsu muka gada, shi yasa mahaifina ya shekara da shekaru yana rungume da fagot ɗin Jamus yana kiransa basun.

Ga kuma tarkon da nake so duk mai neman kayan nan a intanet ya kiyaye. Yadda muke furta shi da Hausa, basun, in ka rubuta shi haka a shagon Denmak ko Nowe ko Suwidin, wani abu daban za a nuno maka, don a wajensu basun shi ne kakakin tagullan nan da ake ja ana turawa, turombon, wanda Jamusawa ke kira Posaune. Asalin kalmomin ma ba ɗaya bane, sauti ne kawai ya zo ɗaya. Sannan in da Bature mai jin Ingilishi kake magana ka tsaya a kan bassoon ɗinka, don akwai kalma mai kama da fagot da take zagi ce mummuna a bakinsu, musamman Amurkawa.

Mu dawo kan aikin. A gabana ya gwada shi, ya toshe ramuka ya rufe bakin kowane gutsure da tafin hannu ya zuƙa, yace ji, iska tana shiga ta ko'ina. Ya ɗauko siririyar takarda irin ta naɗin taba yana sakawa a ƙarƙashin kowane maɓalli yana ja, inda ta zare ba tare da ta kama ba ya sa alama. 'Yan fatun da ke rufe ramukan guda goma sha ɗaya sun mutu. Zaren da ake naɗawa a mahaɗar gutsattsarin ya ruɓe. A can gindi inda ramin yake juyawa akwai wani ƙarfe mai siffar U a cikin murfi, toshiyar da ke tsakaninsa da katakon ta bushe ta dare, yace nan ne babban dalilin da na ƙasan basa fita. Abin da ya fi jin tsoro shi ne ko yawu ya kwanta a gindin ya ruɓar da itacen, don itacen maple ne, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada, kuma baya son ruwa ya zauna masa, amma ya haska da tocila yace mahaifinka mutum ne mai tsafta, ko ɗigo babu, yana goge shi duk bayan busa. Wannan maganar ta tsaya min a rai har yau.

Kuɗin aikin hannu N45,000 ya ce, ban nemi ragi ba don na ga abin da za a yi. Fatu da rid kuma sai an yi odarsu daga waje, yace in biya kuɗinsu daban a kan farashin ranar, ya nuna min a wayar ɗansa yadda suke nema, suna rubuta Fagottrohr, wato rid ɗin fagot da Jamusanci, masu sayarwa suka fito birjik fiye da in ka rubuta da Ingilishi. Ya bani shawara in fara da mai taushi tunda ni ɗan koyo ne. Ya nuna min rasit ɗin odar da idona, bai ɗora komai a kai ba sai kuɗin kawowa, wannan kam na yaba.

Toh yanzu ɓangaren da bai min daɗi ba, kuma dole in faɗa. Yace sati uku, sai da aka yi tara. Na yarda kawo kaya daga waje ba a hannunsa yake ba, amma kayan sun iso a sati na huɗu, sauran biyar ɗin aikin makarantu ne ya sha gabana, lokacin ana shirin faretin 1 ga Oktoba kowace makaranta ta kwaso begilolinta da gangunanta, nawa aka tura gefe. Da an gaya min haka tun farko da ban damu ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne waya, ka kira sau biyar ba a ɗauka, in ɗan ya ɗauka yace gobe, ka biya adaidaita daga Gwammaja ka ratsa cunkoson Bata ka je ka tarar ko buɗe akwatin ba a yi ba, sau uku ina irin wannan zuwan. Sannan babu wata takarda da ake baka ta shaidar ka bar kaya, a wani tsohon littafi kawai yake rubutawa da fensir, kuma ni abin da na bari a wajen ba abin da kuɗi zai maye min bane. Rufin shagon ma akwai inda yake yoyo, na ga bokiti a kusurwa, ga kayan katako a ajiye, gaskiya hankalina bai kwanta ba sai da na roƙe shi ya mayar da akwatin saman kanta. Na gaya masa duk wannan baki da baki cikin ladabi, bai musa ba, yace ɗana hannu biyu gare ni kuma yaran yanzu basa son koyon aikin.

Amma ranar da na je karɓa, ya jiƙa rid a ɗan kofi na minti biyu zuwa uku, ya harhaɗa, ya rataya igiyar a wuya ya busa tun daga can ƙasa, sautin B filat ɗin da ya fi kowanne zurfi, har benci naji yana rawa, ya hau da shi a hankali har sama inda muryar take komawa kamar mutum yana waƙa ta hanci. Masu sifikun da ke maƙwabtaka suka rage sautinsu suka leƙo. Ni dai ban iya cewa komai ba, don rabona da jin wannan muryar tun ina aji uku a firamare.

Ya ƙara min da abubuwan da ban biya ba. Littafin nan mai Fagott a bango akwai jadawalin ɗora yatsu a ciki, ya gargaɗe ni cewa Jamusawa abin da suke rubutawa B shi ne B filat a wajenmu, B ɗinmu kuma H suke sa masa, in ban kiyaye ba zan yi ta busa kuskure ina zargin kayan. Ya kuma ja min kunne kan hunturu, yace iskar Kano ta Disamba da Janairu ita ce babbar abokiyar gabar katakon nan da rid, kar in bar shi a mota, kar in jingine shi a inda rana take bugawa, in riƙa sa ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin gwangwani mai huji a kusurwar akwatin ba tare da ya taɓa itacen ba, kuma kullum in zare ruwan ciki da tsumma kafin in rufe. Rid ɗin daga wani kara ake yinsa mai kama da kyauro, wanda ya fi suna daga yankin Var yake a kudancin Faransa, har waɗanda ake yi wa ƙirar Jamus da yawansu daga can karan yake zuwa, kuma baya daɗewa, in kana busa kullum 'yan makonni ne ka canza.

Akwai maƙwabcinmu da yake busa algaita, gadon gidansu ne, duk hawan sallah da shi ake yi. Da ya ji sautin ta katanga ya yi sallama ya shigo, ya karɓi rid ɗin ya jujjuya yace Malam ai wannan ɗan'uwan nawa ne, baki biyu ne a haɗe suna kaɗawa. Gaskiyarsa ne, dangi ɗaya ne, bambancin shi ne su masu algaita suna zura karan gaba ɗaya cikin baki, leɓe ya jingina da faifan, kumatu su cika suna jan numfashi ta hanci busa bata yankewa, shi kuma wannan da leɓe ake riƙe karan ana matsawa ana sassautawa. Ya gwada irin nasu, ƙarar da ta fito sai da yara suka fito daga ɗaki. Na gaya masa labarin sunayen nan, yace toh ai ita ma algaitar baƙuwa ce, kuma haka ne, a Maroko da Aljeriya ghaita suke ce mata, mu muka haɗe ta da al ɗin Larabci muka mayar da ita tamu, kamar yadda bugle ɗin soja ya zama begila a bakinmu.

Wanda yake da begila ko saksafon ko kilarinet da ya lalace, ko wani tsohon akwati irin nawa a saman sif, ni dai nan zan ce ya kai, amma ya guji watan Satumba, ya ɗauki hoton kayansa da lambar da ke jiki kafin ya bari, ya sa a rubuta a littafin a gabansa, kuma ya je da ƙafarsa maimakon waya. Yana buɗewa wajen goma na safe, Lahadi a rufe yake. Rid ukun nan na Faransa ya karɓa ya ajiye a gwangwani, yace akwai wani da yake zuwa masa daga Damagaram lokaci-lokaci da kayan badujala, wataƙila a wajensu a samu mai basson na gaske. Ni kuma mun yi da shi duk Asabar da hantsi zan riƙa zuwa yana nuna min yatsu, wannan satin a kan sautin F muke.